Allon Alhaji Kalilu Mai Farar Roba

Duk wanda bai san Alhaji Kalilu ba, bai shiga kasuwar Sabon Birni ba. Ɗan zaman da ya yi yana gadin wata masana'anta a kudu ya ishe shi zama injiniya. Ya dawo da wata farar roba mai santsi, da ilimin da ya fi ƙarfin hularsa. 'Yan kasuwa suka raɗa masa Farfesan Roba, shi kuwa ya amsa da gaske.

Ka zo sayen zaren naɗe bakin famfo, sai ka sha lacca.

"Wagga roba ba irin ta bokitinku ba ce! Ruwan batir bai cin ta, zafi bai dame ta ba, tsatsa ba ta san ta ba. Da ita aka shafe cikin bututun asid, da ita aka rufe wayar jirgin sama. Kaskon da ba ya kama ƙwai, ita ce a cikinai. Komai ba ya manne mata!"

Gaskiya yake faɗa, sai dai yana faɗa kamar shi ya ƙirƙiro ta.

Da zaɓen shugaban 'yan kasuwa ya matso, Farfesa ya fito takara, ya ce allon katako na ƙananan 'yan takara ne. Ya yanko faffaɗan fallen robarsa, ya sa aka rubuta sunansa da muƙamansa da jan fenti, aka lulluɓe da farin yadi. Ya gayyato jama'a har daga Isa da Tozai, ya yanka rago.

Ranar buɗewa ya hau benci, ya juya wa allon baya, ya fuskanci taro.

"Yau za ni nuna muku sunan da ba ya gogewa!"

Aka fizge yadin. Fentin duk ya bi yadin, allo ya fito fari tas. Wuri ya yi tsit. Farfesa ya ɗauka kwarjini ne, ya ƙara ɗaga murya yana nuni da yatsa ta bayansa: "Ku karanta! Wanga shi za ku zaɓa!"

Tsoho Yari mai goro ya matso, ya ƙura wa allon ido, ya gyaɗa kai.

"Mun gani, Alhaji. Ashe ka janye."

Aka yi wa Farfesa tafi, aka yaba dattakunsa, aka cinye ragon.