Yaren Mutanen Taurari a Ɗakin Kakata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa kakata yaren mutanen taurari. Ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a Dogon Dutsi na kamu da son wani fim mai dogon zango, wanda wasu halittun duniyar taurari masu tudun goshi ke magana da yaren da masu fim suka ƙirƙira. Na haddace kalmominsa a waya, ina ta kakarin maƙogwaro a bayan gida (maƙwabciyarmu har ta aiko mini da maganin tari).

Mu Fulani ne, amma a gari na tashi. Fulatancina bai wuce gaisuwa ba.

Da jikin Kaka ya tsananta, muka tafi rugarmu kusa da Dumega. Tsufa ya kwashe mata Hausar da ta iya, sai Fulatanci. Ta kama hannuna ta yi magana mai tsawo, ni kuwa ina ta murmushi ina gyaɗa kai.

Sai yayata ta ce, "Baffa, wanga hwa ya iya yaren da babu mai jin shi duk Arewa."

"To, yi muna mu ji," in ji Baffa, ƙanen mahaifina.

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma na gyara zama, na buɗe ƙirji, na saki gaisuwar mayaƙansu da dukkan ƙarfina. Goggo ta zabura tana salati, ta ɗauka iska ce ta hau ni. Ɗaki ya ɗauki dariya.

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta tambaya, aka yi mata bayani, sannan ta faɗi wani abu a hankali. Na juya wajen mahaifiyata.

"Inna, mi ta ce?"

Mahaifiyata ta sunkuyar da kai. "Ta ce, su mutanen nan da ka koyi yarensu, wa gare ka a cikinsu?"

Kwana tara bayan nan Allah Ya yi mata rasuwa. Doguwar maganar da ta yi mini kuwa, hayaniya ta hana kowa riƙe ta. Har yau ban san me ta ce ba.

Yanzu duk Jumma'a ina zama gaban Inna tana koya mini Fulatanci, tana dariyar karyayyen harshena. Na dai gane, kafin mutum ya koyi gaida mutanen sama, ya fara tabbatar ya iya amsa wa na ɗaka.