Alkakin Ranar Juma'a

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tona wa kaina asiri a gaban surukina ba.

Sana'ata alkaki da nakiya. Da wuya a kai garar amarya a Rafin Guza babu na hannuna. Da ciwon suga ya kama ni, na yi wa 'ya'yana alkawarin na kama bakina (ɗanɗanawa ai ba ci ba ne, wa ke sayar da abin da bai ɗanɗana ba?). Ana haka wani ɗan ƙurji ya fito mini a babban yatsan ƙafa, ya kumbura, ya ƙi warkewa. Da na ji an fara zancen yankewa, wallahi na tsorata.

Sai na yi dabara. Da ranar ganin likita ta matso, na koma kwaɗon zogale da ruwan shuwaka. 'Yata Maryam da mijinta suka kai ni asibiti, mutumin da ko ruwa ba na iya sha a gabansa. Aka huda mini yatsan hannu, na'ura ta nuna lafiya lau. Na baje a benci ina yi wa mata nasiha: "Ku kama bakinku, bayin Allah. Ni ko shayi lami nake sha."

Likitar, wata yarinya mai fara'a, ta ce waɗanda suka kawo ni su shigo. Ashe akwai wani gwajin daban.

"Mama, wannan gwajin labarin wata uku yake bayarwa," in ji ta. "Sukari in ya yi yawa, liƙewa yake yi a jikin sinadaran gina jiki da ke cikin jini, ya sauya musu kama. Su kuma su tsokano ƙwayoyin halittar da ke kunna kumburi, ya ƙi lafawa ko da sukarin ya sauka. Shi ya hana ƙafar warkewa. Kamar alkaki ne, in ya huce aka jefa shi a ruwan sukari..."

"A'a, likita!" na katse ta. "Da zafinsa ake tsomawa, sannan yake sha har ciki. Wanda na ci ranar Juma'a ma..."

Maryam ta ce, "Umma, wace Juma'ar?" Surukina kuwa, bawan Allah, ya ɗaga kai ya ƙura wa fanka ido kamar bai taɓa ganin irinta ba. Na ji kamar in nutse.

Likita ta yi murmushi, ta ce yanzu ta san inda za ta fara, ta sauya mini magani.

Yatsan nan yana nan, alhamdulillahi, ya warke bayan na sha wuya. Ɗanɗanawa kuma maƙwabciyata ta gaje ni, har ta yi ƙiba. Abin da na koya shi ne, in za ki yi wa likita ƙarya, ki fara shiryawa da jininki, don ba ya rufa asiri. In kuma an ɓata sana'arki a gabanki, ki haɗiye gyaran.