Ranar da Na Shanya Fim a Gaban Jandarmomi

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a kan iyakar Jibiya ba, ko da na so in manta, domin abokina Isiya yana nan da ransa, kuma bakinsa bai tsufa ba.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas na watannin baya. Ni a lokacin masinja ne a wani ofis a Jibiya, da ɗan karatuna na firamare. Kowa ya ruga kanti, wannan rediyo, wancan keke, wani katifa. Ni kuwa sai na je Katsina na sayo kyamara. Na kwana biyu ina da na sani, sannan na kamu da sonta. Cikin tawul nake naɗe ta, in sa a akwati, in kulle, in fita, in dawo in duba ko na kulle. (Ni mutum ne da in na gaida mutum bai amsa da ƙarfi ba, sai in wuni ina binciken abin da na yi masa.)

Ba sana'a na ɗauke ta ba. Ranar da babu aiki nakan kwashi abokai mu tafi bakin gulbi ko bayan kasuwa, in ce wannan ya hau dutse, wancan ya kishingiɗa da rediyo a kunne yana kallon nesa kamar mai tunanin duniya. In fim ya cika sai in ba direban Kano ya kai a wanke.

To, sai Lawal ya zo mini da buƙata. Lawal abokinmu ne tun na yarinta, tela, yana neman wata yarinya a Maraɗi mai suna Rabi. Akwai wani ɗan kanti da ke takara da shi, wanda ya kai mata hotonsa yana jingine da mota. Lawal ya rantse sai ya kai nasa. Ya lallashi yayansa ya ara masa sabon babur na wuni ɗaya tak, domin an riga an yi cinikinsa, washegari mai shi zai zo ya ɗauka. Ya aro agogo, ya aro tabarau, ya ɗinka wa kansa wando mai faɗin ƙafa da zai iya share tasha.

"Ka ga, yau ɗin nan ce kawai," in ji shi. "In ka ɓata mini, wallahi ba ni ba kai."

Isiya ya ce, "Ai in bai ɗauke ka da rabin kai ba ka gode Allah."

Mu uku muka hau babur ɗin, ni a tsakiya na rungume kyamara kamar jariri. Muka nufi hanyar Maraɗi, ba don mu shiga garin ba, sai don mu ci nama a tsallake mu dawo. Duk inda na ga wuri mai kyau sai in ce a tsaya. Na ɗauki Lawal a kan babur ƙarƙashin gawo. Na ɗauke shi yana duba agogon aro. Na kwanta rub da ciki a kan yashi na ɗauke shi daga ƙasa don ya fito kamar wani babban mutum. Muka tari ayarin raƙuma, na sa shi ya gifta ta gabansu. Gaskiya ranar hannuna ya faɗa, ni kaina na san na yi aiki.

Na ƙarshen na ɗauka ne bayan mun wuce shingen namu, muna dab da na Faransa (haka muke ce wa Nijar a lokacin). Sai da na danna sannan na lura can bayan kafaɗar Lawal akwai tutarsu da ɗan ofishin jandarmomi. Gabana ya faɗi. Soja ke mulki nan da can, kuma na sha ji a tasha cewa duk wanda ya ɗauki hoton shinge ko tuta, sai dai a ji labarinsa daga wani kurkuku cikin hamada. Ban san wanda aka taɓa yi wa haka ba, amma ni ba na buƙatar shaida kafin in tsorata.

Na raɗa wa Isiya. Ya ce, "Tutar da ko ungulu ba ta hango ta daga nan? Don Allah mu je mu ci nama."

Muna isa shingen, wani jandarma dogo mai gashin baki, yana zaune a benci da singileti, ya ƙura wa ƙirjina ido.

"Kai, mai hoto! Taho nan."

Na taho.

"Wagga aba tana aiki?"

"Tana… tana ɗan taɓawa, ranka ya daɗe."

"To, tsaya nan. Kada ka gusa."

Ya shige ofis da sauri. Na tsaya cikin rana, mutane suna wucewa da jakuna da buhunan gero. Kafin ya fito na riga na gama shari'ata, na yanke wa kaina hukunci, har na fara tunanin wa zai gaya wa innata. Lawal yana can yana goge babur da hankici, bai san ana ciki ba.

Sai ga su sun fito su uku. Kaki a goge, hula a karkace, bel yana ƙyalli, kowanne da bindiga. Suka jero kafaɗa da kafaɗa suka nufo ni, fuska a murtuke.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ɓalle bayan kyamara, na fizgo fim ɗin, na warware shi tsawon hannuna biyu, na ɗaga wa rana kamar mai shanyar kilishi.

"Ranku ya daɗe, ga shi na kashe! Babu tuta, babu komai! Wallahi kuskure ne, ni masinja ne!"

Mai tsire ya bar fifita wuta. Dogon ya dubi 'yan'uwansa, ya dube ni.

"Wace tuta? Kai, lahiyarka? Hoto muka so ka yi muna, in aika ma tsohuwata can garin Tawa. Tun da na shiga aikin ga ba ta gan ni da kaki ba."

Ashe murtuke fuskar nan duk shirin hoto ne.

Isiya ne ya fara. Ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya har da buga cinya, sannan jandarmomin suka kama, sannan masu jakuna. Wata mai fura ta ce, "Wayyo, bawan Allah, tashi hakanan." Lawal kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya cire tabarau a hankali ya dubi baƙin abin da ke lilo a hannuna.

"Ina raƙuman?" in ji shi.

Na ce suna ciki.

"Ni da babur fa?"

Na ce duk suna ciki, sai dai ba za su fito ba.

"Sa wani fim ɗin."

Ina da wani, sabo fil. Na bar shi a gida cikin akwati don kada zafin rana ya lalata shi.

A hanyar dawowa ba a sa ni a tsakiya ba. Washegari mai babur ya zo ya tafi da abinsa.

Da Lahadi ta zagayo na koma na cika wa jandarmomin burinsu, na jawo Lawal da ƙyar don mu shirya. Dogon da ya ji asarar da na jawo wa Lawal sai tausayi ya kama shi, ya ce ya shigo tsakiyarsu a ɗauka, ai wanda ya tsaya da hukuma ya fi mai jingina da motar wani. Hoton ya fito tar: Lawal a tsakiya, bindiga dama da hagu. Ya kai wa Rabi yana taƙama.

Ba a jima ba mahaifinta ya aiko a tambaya, laifin me yaron nan ya yi aka kama shi?

Ni aka tasa gaba har Maraɗi in ba da shaida. Na durƙusa a zaure gaban dattawa, na kwashe labarin tun daga singileti har shanyar fim, Isiya yana gefe yana ƙara abin da na tsallake. Tsohon ya yi dariya har ya share hawaye da bakin rawani, ya ce wanda ya iya haƙuri da aboki irina zai iya riƙe mace. Aka ba Lawal.

Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina doka: in hukuma ta kira ni, nakan bari ta faɗi laifina da bakinta tukuna. Har yanzu gabana yana faɗuwa, ban fasa ba. Hannuwana dai nake zubawa a aljihu har a gama magana.