Ɗaliban Aro

"Ni fa ɗalibina ko ta ƙeya ka hango shi ka san ya sha karatu," in ji shugaban sashen kimiyyar motsa jiki, wanda ake kira Farfesa Tumbi in ya ba da baya. Shi kansa rabonsa da gudu tun ranar da karen maƙwabta ya tsinke.

Ana nan sai ga takarda: kwamiti zai zo ya duba ko digirin nasu na da amfani, in babu a rufe sashen. Farfesa ya leƙa aji. Ɗalibai duk a rame, shekara huɗu suna kwafar rubutu daga allo, na'urori kuwa suna cikin ledarsu don kar su lalace. Nan take ya ba kowa hutu, ya nufi gidan ɗaga ƙarfe na bayan tasha, ya aro ƙarti goma sha biyu, ya raba musu riguna masu tambarin jami'a. Uku sun yage tun wurin sawa.

"Ku dai ku zauna ku kumbura," ya ce. "Magana tawa ce."

Washegari kwamiti ya iso. Shugabar kwamitin, wata 'yar tsohuwa mai tabarau, ko kallon damatsan ba ta yi ba. Ta nuna na gaba.

"Mutum ya gurɗe a ƙafa, me za ka fara yi?"

Farfesa ya buɗe baki zai tare, ƙaton ya riga shi: hutu, ƙanƙara, ɗauri, a ɗaga ƙafar sama. Na biyu ya kama wuyan hannunta ya ƙirga bugun zuciya daidai. Na uku ya yage ledar na'urar gudu ya kunna ta. A ranar ne Farfesa ya san inda ake dannawa.

Sai gogan naka ya gyara zama. "Tarbiyyata ce, Hajiya. Da hannuna na..."

"Madalla. Samari, wane malami ya koya muku wannan?"

"Oga Mai Ƙarfe, maigidanmu na bayan tasha, ranki ya daɗe," suka amsa baki ɗaya. "Wannan bawan Allah jiya muka fara ganinsa."

Ta yi rubutu layi biyu, ta rufe biro.

"Sashe dai an rufe shi, Farfesa. Amma kwantar da hankalinka, zan roƙi Ogan ya ɗauke ka karatu."

Na gaba ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Zai ɗauke shi, ranki ya daɗe. Sai dai sabon shiga da shara yake farawa."