Gaɓa Huɗu a Gaban Surukata

A 1969 ni kaɗai ce na yi Faransanci a layinmu na unguwar Asawasi, ina ji da shi kamar turaren amarya. Ranar wani suna, tsakar gida cike da mata, Hajiya Kande, uwar wanda zan aura, ta jawo ni kusa. Ta raɗa mini cewa likitan Abijan ya ce tana da "amurudi".

Tausayin kalmar ya kama ni, don an ji mata rauni. Na gyara mayafi, na ɗaga murya.

"Mma, gaɓa huɗu ce: e-mo-ro-yid. A bar ta ta gangaro kamar ruwa."

"Mene ne shi?" in ji mai tuƙa tuwo.

"Basir mana."

Muciya ta tsaya cak. Wata ta ce, "Ei!" Innata ta rufe fuska da zane. Ashe Hajiya ta sakaya shi da Faransanci ne don kada kowa ya gane.

Na sallama auren, amma aka ɗaura. Tun daga nan in Hajiya za ta zauna cikin mutane sai ta ce mini, "Likita, kawo matashi, tunda kin riga kin yi shela."