Layin Mai Sanyi Ya Rasu a Gwangwanin Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma guntun haushin da har yanzu ya ƙi wucewa, iyalan mai gyaran firjin nan da kowa ke kira Mai Sanyi suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk mai firji a gida rasuwar layin wayarsa. Marigayin ya rasu yana da shekara goma sha huɗu a duniya, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya san yana yi, a cikin gwangwanin biskit, a ƙasan akwatin Inna, mahaifiyar mai shi. An ce duk mai rai mamaci ne. Ashe har marar ran ma bai tsira ba.

Waɗanda suka san marigayin sun shaide shi da haƙuri da riƙon sirri. Ya zauna a cikin waya huɗu, ya faɗa bokitin ruwa sau biyu, an taɓa mantawa da shi a cikin firizar wani mai shago har tsawon yini, ya fito yana aiki bai ce uffan ba. Shi ne ya ɗauki kalmar nan ta “ga ni nan a hanya” daga bakin Mai Sanyi zuwa kunnen jama'a sau dubu ba adadi, alhali mutumin yana kan benci ko takalmi bai sa ba, kuma ko sau ɗaya bai tona masa asiri ba. Ina za a sake samun irin wannan aboki?

Har yanzu kunnen mai shi yana jiyo muryarsa. In ya yi “tirrit-tirrit” a kan teburin ƙarfen shago, yana gurnani yana tafiya da kansa tsakanin kusoshi da sukurdireba, to abinci ya zo. Ta cikinsa ake jin “Mai Sanyi, kana ina? Nama zai lalace!” Ta cikinsa ake jin “Wallahi jiya lafiya lau yake, ba wanda ya taɓa shi,” daga bakin mutumin da ya farfasa ƙanƙara da wuƙa ya huda bututun gas.

Domin a san girman rashin, ya kamata a faɗi yadda Mai Sanyi yake aikinsa. Bai taɓa buga katin talla ba, allon shagonsa ma ruwan sama ya wanke rabin rubutun. Abin da yake yi shi ne, duk firjin da ya gyara, kafin ya mayar da shi jikin bango sai ya zaro baƙar maka daga bayan kunne ya rubuta lambarsa ɓaro-ɓaro a bayansa. Ranar da firji ya sake yin tsiya, abu na farko da mai gida zai yi shi ne ya jawo shi ya leƙa, sai ya yi ido biyu da lambar. Shekara goma sha huɗu ana wannan shuka. Shagon nan mai ƙofa ɗaya wurin ajiye kayan aiki ne kawai. Ainihin shagon, da abincin gidan Mai Sanyi gaba ɗaya, yana cikin wannan ɗan ƙarfen da bai kai farcen babban yatsa ba.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da wani otal a ƙasar waje ya ɗauki Mai Sanyi aikin shekara biyu. Ya zauna ya yi lissafin wanda zai bar wa layin. Tafiya da shi ba ta yi masa ba, don an ce masa a can layin baƙo cin kati yake kamar gara, ga tsoron ɓata. Ya duba maiɗakinsa, ya tuna mace ce mai son karatu, musamman karatun saƙonnin da ba ita aka aiko wa ba. Ya duba ƙanwarsa, ya tuna ita in ta kama waya sai kunnenta ya yi zafi. Sai ya yi abin da a ganinsa shi ne wayo: ya durƙusa gaban Inna, ya ɗora mata shi a tafin hannu, ya ce ta riƙe masa wannan kamar ranta, kada ta ba kowa, ko wane ne, ko me ya ce mata. Har ya maimaita sau biyu. Abu ɗaya ya manta bai faɗa mata ba, cewa wannan abin in ba a motsa shi ba mutuwa yake.

Inna kuwa ba a yi mata wasa da amana. Ta naɗe shi a auduga, ta sa a kwalin ashana, ta ɗaure kwalin a leda, ta sa a gwangwanin biskit tare da takardun haihuwar 'ya'yanta da 'yan kunnen da ba ta sawa, ta danne da zannuwa, ta datse akwati da kwaɗo. Tun da aka halicci layukan waya, ba a taɓa samun wanda ya ga gata irin wannan ba.

Sai da Mai Sanyi ya yi wata huɗu a can, yana kan tsani yana ɗaura injin sanyaya ɗaki, wani abokin aikinsa ya ce masa ai kamfanin layi ba ya jiran kowa, in layi ya yi shiru da yawa sai su ɗauke numfashinsa su ba wani lambar. Saura kaɗan ya faɗo. Ya kira ƙanwarsa ya ce ta tura wa layin kati maza. Ta tura, har sau biyu. Da ta je ofishin kamfanin ta tambaya, aka ce mata a wurinsu ci ba motsi ba rayuwa ba ce, sai an sa shi a waya an yi kira ko da na gaisuwa ne.

Abu mai sauƙi, ko? Ƙanwa ta tafi wurin Inna da wayarta a buɗe. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce ba ta san zancen ba. Aka kira Mai Sanyi aka miƙa mata. Ya gaishe ta, ya yi bayani, ya roƙa, ya rantse. Inna ta saurara har ya gama, sannan ta ce muryar dai ta yi kama da ta ɗanta, amma ta ji a rediyo 'yan damfara yanzu har murya suke arowa. Aka kunna mata hoto mai motsi, ga shi nan da gashin bakinsa yana ɗaga mata hannu. Ta ce wannan ya fi ɗanta ƙiba. Ta ƙara da cewa ko da shi ɗin ne, ai shi da bakinsa ya ce ko wane ne, ko me ya ce mata. Hannun da ya ba ta shi za ta mayar wa, in yana so ya zo ya karɓa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Mai Sanyi ya zauna a gefen gadonsa na ɗakin ma'aikata yana jin haushin kansa, don ko shi ne alƙali bai ga inda zai kama tsohuwar ba.

A nasu ɓangaren, likitocin kamfanin sun ce sun yi iya ƙoƙarinsu. Sun aika saƙon gargaɗi har uku. Dukkansu zuwa ga majinyacin da kansa, yana kwance cikin auduga.

Ba wanda ya san ranar da rai ya yi halinsa. Abin da aka sani shi ne, da Mai Sanyi ya dawo bayan shekara biyu da wata uku, tun bai sha ruwa ba ya miƙa hannu. Inna ta buɗe kwaɗo, ta kwance leda, ta zare kwali, ta ba shi abinsa yana ƙyalli kamar yau aka saya, fuskarta cike da alfahari. Ya sa a waya. Shiru. Ya ciro ya goga a riga, ya hura masa iska, ya mayar. Ko sandar sabis ɗaya ba ta tashi ba. Sai ya karɓi wayar maiɗakinsa ya buga lambar, yana jiran ya ji matar nan ta kamfani ta ce a kashe take. Ina! Sai ta shiga. Gawa na hannunsa, lamba na ringi a wani wuri. Aka ɗauka, wata dattijuwar murya mai natsuwa ta yi sallama, ta tambayi gida da iyali da gajiya, sannan ta ce, “To, firji ne ko firiza?”

Mai muryar wani tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya. 'Ya'yansa ne suka saya masa waya da sabon layi, aka yi rashin sa'a, ko sa'a, lambar marigayi ta faɗo hannunsa. Da fari yakan ce an yi kuskuren lamba. To amma mutumin da ya shekara talatin da biyar a gaban allo, a yi masa tambaya ya ce bai sani ba? Sai ya fara ba da amsa. A cire filogi a bar shi ya huta awa biyu. A share ƙurar baya. A duba robar ƙofa. Abin takaicin, rabin lokaci maganin yana ci, kuma kyauta. Sauran rabin da suka gagara kuwa, Malam sai ya tura su wurin Dogo, mai gyaran da ke ƙarshen titi, wanda a da ko fitilar firji ba a yarda ya canza ba. Yanzu Dogo ya yi wa shagonsa fenti, har da kujerun jira.

Mai Sanyi ya je ofishin kamfani, matar da ke karɓar jama'a ta ce bakin alƙalami ya bushe, sai dai in mai lambar ya yarda da kansa. Ya sayi sabon layi, ya ɗora shi a teburin ƙarfe ya zuba masa ido. Kwana goma sha tara, kira biyu: ɗaya maiɗakinsa ce tana gwada ko yana aiki, ɗayan kamfanin ne yana masa barka da zuwa. Guzurin da ya dawo da shi yana narkewa kamar ƙanƙara a hannu. Ranar ta ashirin ya wanke ƙafa ya tafi gidan Malam.

Ya same shi a falo shi kaɗai, da kujera uku da ba mai zama, da agogon bango, da wayar a kan tebur kusa da wani littafi da yake rubuta matsalolin firji da amsoshinsu, an ja layi da rula. Mai Sanyi ya yi bayani tun daga gwangwani, ya yi tayi mai kyau, har ƙwalla ta taru masa. Malam ya tausaya masa ƙwarai, ya ce gaskiyarsa ce, lambarsa ce, guminsa ne. Amma ba zai bayar ba. Ya ce shekara huɗu da ya ajiye alli ba wanda ya neme shi da wata bukata, har yakan ɗaga tsohuwar wayarsa ya duba ko ta lalace ne. Yanzu kuwa sau goma ake kiransa a yini, ana ce masa don Allah, ana ce masa an gode. Ya ce a yi masa komai, amma kada a mayar da shi cikin wancan shirun. Mai Sanyi, da ya ɗanɗana kwana goma sha tara kacal na irinsa, ya tashi ya yi masa sallama.

Marigayin ya rasu ya bar waya ɗaya mai tsagaggen gilashi, da caja da ba ta aiki sai an lanƙwasa wuyanta, da firji sama da ɗari huɗu masu ɗauke da lambarsa a bayansu. Ya bar ƙane guda, sabon layin, wanda har yau ko mai shi bai haddace lambarsa ba. Ya kuma bar Inna, wadda da aka yi mata bayani ta ce ita dai an ba ta abu ta mayar da shi ko ƙwarzane babu, in ya mutu to a hannun mai shi ya mutu. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su ja wannan zancen da ita, ba za su yi nasara ba.

Za a yi jana'iza gobe da ƙarfe goma na safe a shagon Mai Sanyi, inda za a sa marigayin a aljihun tebur na ƙasa, kusa da matattun fis na lantarki. Ba a gayyaci Dogo ba. Ana shawartar masu ta'aziyya kowa ya zo da abin zamansa, domin kujera mai kyau guda ɗaya ce a shagon, kuma daga gobe ta zama ta Malam. Shi ya kawo shawarar da kansa: tunda ba zai rabu da lambar ba, zai riƙa kawo ta shago kullum da safe, a aljihunsa, shi ya ɗauki kira, Mai Sanyi ya ɗauki jakar aiki. Saboda haka duk wanda firjinsa ya lalace, ya kira lambar da ya saba kira. Dattijo ne zai ɗauka. Ko da nama na narkewa, a yi haƙuri a bar shi ya gama gaisuwarsa.