Gado a Wurin Wankin Mota

"Ni za a ƙara wa kuɗin ruwa? Ba a haifi mai ƙarin ba tukuna!"

Mai wannan cika baki, abokina, shi ne Ƙwaƙwalwa, mai wurin wankin mota a bakin titinmu. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Mu dai a bayan idonsa Ƙwarya muke ce masa. Hukumar ruwa ce ta sanar cewa daga yanzu masu sana'a za su riƙa biya fiye da gidajen kwana. Kowa ya ja tsaki ya haƙura, gogan naka kuwa ya bugi ƙirji.

"Gida ake yi wa rangwame? To ai nan ma gida ne!"

Washegari sai ga gado a tsakiyar wurin wanki, ga labule, ga tukwane. Ya kwaso matarsa, ya haɗa da surukinsa, wani tsoho sarkin barci, ya shimfiɗe shi a gadon don shaida.

Matar ta ce, "Maigida, a gindin motar mutane zan yi girki?"

"Ke dai hura wuta, ki sha kallon basira."

Ana haka sai ga jami'in hukuma. Ƙwarya ya tarbe shi da rawar jiki: "Ranka ya daɗe, barka da zuwa gidana!"

"Gida? Wannan injin feshin fa?"

"Na wanka ne. Mu zuriyarmu ba ma wasa da tsafta."

"To, a yi mu gani."

Uwargida, da ma a cike take, ta damƙi tiyo ta sakar wa mijin nata. Ruwa ya fizge hularsa ta tsallake katanga, ya kwashe masa ƙafafu, ya tura shi cikin kumfa har ƙarƙashin wata motar kaya. Ya rarrafo yana tari. "Kullum... haka muke yi... da safe."

Jami'i ya ce, "Madalla. Motocin nan da suka yi layi fa?"

"Na baƙi ne! Ni ba na rabo da baƙi. Wasu su kwana, wasu su wuce."

Sai wani direba ya leƙo: "Malam, zo ka karɓi kuɗinka, sauri nake."

Jami'i ya gyaɗa kai. "Ga gado, ga girki, ga wanka, ga wurin ajiye motoci, ga baƙi suna biya. Ka yi gaskiya, nan ba wurin wankin mota ba ne."

Ƙwarya ya washe baki, ya ɗaga mana gira.

Jami'i ya ƙarasa: "Otal ne. A sabon tsari kuwa, babu mai biya sama da otal."

Nan take Ƙwarya ya durƙusa. "Wallahi wanki nake yi! Baba, tashi ka gaya masa gaskiya!"

Tsoho ya buɗe ido ɗaya, ya shafa jiƙaƙƙiyar katifa, ya ce, "Manaja, a rage hayaniya. Kuma a sauya min ɗaki, wannan yoyo yake yi."